Rumbu na Tara

Sunan ƙauyenmu Rumbu Tara, amma rumbunan da ke tsaye a filin gaban masallaci takwas ne. Tun ina aji biyu na firamare na ƙirga su, na koma ɗaya gefen na sake ƙirgawa ko na yi kuskure, suka fito takwas. Na tambayi mahaifiyata ina na taran yake, ta miƙo mini tulu ta ce in je rijiya.

Ƙauyen yana cikin ƙasar Faskari, sai an bar kwalta an yi tafiya mai ɗan nisa a hanyar burji. Rumbunan nan takwas ba na mutum ɗaya ba ne, na gari ne. Idan an yi girbi kowane magidanci yakan kawo dammansa gwargwadon ƙarfinsa a zuba, in bazara ta tsananta a buɗe a raba wa waɗanda nasu ya ƙare. Tun da mutanen daji suka fara shigowa a kan babura da bindigogi, daga rumbunan nan ake ɗibar abin da suka yanka wa gari don su bar mu mu yi noma. Sukan zo su kwashe, wani lokaci har su share gindin rumbu da tsintsiya. Duk da haka ba a taɓa yin shekarar da muka rasa irin shuka ba. Ƙauyukan da ke kewaye da mu sukan rasa, su zo wurinmu nema. Ban taɓa tambayar kaina daga ina namu yake fitowa ba.

A shekarata ta biyu a kwaleji, malaminmu na tarihi ya ba mu aikin hutu: kowa ya je ya binciko asalin sunan garinsu. Ya ba mu labarin wasu ƙananan ƙauyuka a gabashin Turai waɗanda ba su da wata tsohuwar takarda, sai dai daga sunansu aka gane cewa daji ne aka ƙona aka zauna, ko kuma wane ne ya fara kafa bukka a wurin. Ya ce ƙauyen da ba shi da littafi, sunansa ne littafinsa. Na rubuta wannan magana a shafin farko na sabon littafin rubutu mai baƙin bango, na sa sunana da sunan ƙauyenmu a bangon, kamar yadda nake yi wa duk littattafaina.

Ni ba mai magana ba ne. A makaranta nakan yi sati ban ɗaga hannu ba ko da na san amsa. Amma in na riƙe biro kunyata takan ragu, domin idona yana kan takarda ba kan fuskar mutum ba. Haka na bi dattawan gari ɗaya bayan ɗaya.

Liman ya ce tsawa ce ta faɗa wa na taran tun zamanin kakansa, ta raba shi biyu. Sarkin noma ya ce gara ce ta cinye gindinsa ya zube da damina. Wani tsohon maƙeri da ke zaune bakin kasuwa ya ce gobara ce, har ya nuna mini da sanda inda rumbun yake a da. Kowannensu ya ba da amsa da sauri, ba tare da ya tsaya tunani ba, kuma kowannensu yana gamawa ya tambaye ni yaushe zan koma makaranta.

Da wani ɗalibin ne, da ya zaɓi ɗaya daga ciki ya rubuta ya huta. Ni kuwa na ja layi uku a shafi, na jera maganganun, na ga ba su haɗu ba. Na je wurin da maƙerin ya nuna. Rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi, kuma dutsen gindi ba ya ƙonewa, gara ba ta cinsa. Na tona ƙasar da tsinke ban sami ko ɗaya ba. Na auna tsakanin rumbu na takwas da bakin rijiya da takuna, na ga wurin ko akurkin kaji ba zai ɗauka ba.

Hutun ya faɗo daidai ƙarshen girbi. A garinmu akwai wata al'ada da na tashi na tarar: duk shekara, in an gama sussuka, magidanta sukan taru su yi wa ɗakin makara yaɓe. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin maƙabarta, inda ake ajiye makara da kayan haƙar kabari. Samari ba sa zuwa, sai wanda ya yi aure. Yara kuwa tun suna goye ake gaya musu akwai abin da ke zaune a ciki, ko ƙwallo ce ta faɗa wajen sai dai a bar ta. Magidantan sukan kwaɓa laka a bayan gidan Baba Tsoho, kakana na wajen uba, su ɗauko a kwanduna su bi layi zuwa maƙabarta.

Ran nan ina zaune gindin tsamiya da littafina a cinya, na ga layin yana wucewa. Na fara ƙirga kwandunan, don hannuna ya saba. Da suka haura abin da zai yaɓe ɗaki uku irin wannan na daina. Sai kuma na lura da kaji. Kajin unguwa sun biyo bayan mutanen, suna tsattsagar ƙasa a duk inda aka bi da kwando. Kawuna yana korarsu da ƙafa suna dawowa. Kaza ba ta bin laka. Da layin ya wuce na tashi na je na duƙa, na tsinci ƙwayar gero huɗu a cikin sawun ƙafa.

Washegari da hantsi na sami Baba Tsoho a zaure yana tufka igiya. Tsakanina da shi akwai wasan jika da kaka, shi kaɗai ne a duniya nake iya yi wa tsiya. Yana ganina ya ce ga malamin da ya zo ya auna mana gari da ƙafa, ko gwamnati ce ta aiko ni in ga ko ya ƙaru. Ban yi dariya ba. Na buɗe tafin hannuna na nuna masa ƙwayoyin geron, na gaya masa inda na tsince su.

Ya dube su. Ya ajiye igiyar ya ce in tura ƙyauren zaure.

Abin da ya faɗa mini shi ne, waɗanda suka kafa garin gudu suka yo daga yamma, a zamanin da mahara ke ƙona rumbuna su kama mutane. Sun zauna, suka gina rumbu takwas, maharan suka biyo su suka ƙone duka. Abin da ya raya su a wannan shekarar shi ne geron da wata tsohuwa ta binne a rami kusa da kabarin mijinta, don ta san ba mai tona wurin. Daga nan suka faɗaɗa ramin, suka shafe shi da toka da ƙaiƙayi, suka gina ɗakin makara a kansa. Sai suka sa wa garin suna da lissafin da bai cika ba, da gangan. Dalilinsu shi ne, ko annoba ta kwashe dattawa gaba ɗaya ba su sami gaya wa kowa ba, wata rana wani yaro zai ƙirga rumbunan ya ga takwas, ya nemi ɗayan. Ba a gaya wa namiji sai ranar da ya fara ɗaukar kwando, bayan ya yi aure ya san nauyin ciyar da gida.

Ya ce, “Kai ne yaron, ga shi kuwa ba mu mutu ba. To ka ji da kunnenka. Kada ka sa shi a takarda, abokina. Takarda ba ta san baƙo ba, duk wanda ya buɗe ta gaya mashi take yi.”

Na ce to.

Ban yi niyyar saɓa masa ba, kuma har yau ina faɗin haka. Amma ni ban yarda da ƙwaƙwalwata ba. Abin da ban rubuta ba ji nake kamar zai zube kafin gari ya waye. Na ce wa kaina ba zan miƙa wa malami ba, ajiya ce kawai, don kada maganar Baba Tsoho ta canza a bakina kamar yadda ta liman da ta maƙeri suka bambanta. Na rubuta duka a shafi biyar. Da na gama sai na ga bayanin bai fito sosai ba, na ƙara zane: ga masallaci, ga tsamiya, ga hanyar maƙabarta, ga ɗakin, ga inda murfin ramin yake ƙarƙashin makara. Har yawan taku na sa.

Ranar komawa makaranta na shiga motar kasuwa da safe. Ba mu kai kwalta ba, a wata kwana da ke da duhuwar itatuwa, muka tarar da icce an gitta a hanya. Mutanen daji suka fito ta gefe biyu. Aka sauke mu aka ce mu kwanta rub da ciki. Suka karɓe wayoyi, suka sauke jakunkuna daga bayan mota suna ɗaurawa a babura. Fuskata tana cikin ƙasa, ina jin takunsu kusa da kunnena. Sai na ji ɗaya daga cikinsu, mai siririyar murya, yana karanta rubutun da ke bayan motar, addu'ar nan da direbobi ke sawa ta neman tsari a hanya. Tiryan-tiryan ya karanta, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, sauran suka yi dariya. Can suka ji ƙarar wata mota daga nesa, suka hau suka shige daji. Ba su tafi da kowa ba.

Mutane suna ta hamdala, wata mata tana kukan kayan ɗinkinta. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar hanya ina tuna cewa littafin yana cikin aljihun gaba na jakata, da sunan ƙauyenmu a bango, kuma a cikinsu akwai wanda ya iya karatu.

Kwana shida na yi a makaranta ban gaya wa kowa ba. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa, fiye da rubutun kansa. Nakan zauna a aji ina jera wa kaina dalilai. Wataƙila sun zazzage jakar sun ɗauki tufafi sun jefar da takardu. Wataƙila sun kunna wuta da shi. Wa zai zauna a daji ya karanta aikin makaranta? Sai in tuna muryar nan, yadda ta bi kalmomin ba gargada. In na ga lambar gida a wayar abokin ɗakina sai in tashi in bar ɗakin. Mahaifina ya kira ya yi mini jaje, ya ce kaya ba komai ba ne tunda an tsira da rai. Na ce haka ne.

A rana ta bakwai na hau mota na koma. Baba Tsoho yana zaure, igiyar nan dai ce a hannunsa, ta kusa ƙarewa. Ya fara tsokanata ko an kore ni ne, sai ya ga fuskata ya fasa. Na durƙusa na faɗa masa, idona a kan tabarma. Bai ɗaga murya ba. Tambaya biyu ya yi: ko na sa sunan gari, ko kuma na nuna wurin. Na ce na sa, na nuna.

“Kwana nawa yau?”

“Bakwai, Baba.”

“Bakwai,” ya maimaita. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

Bayan azahar magidanta suka zauna a cikin masallaci, aka sa ni a tsakiya, ni da ko matar aure ba ni da ita. Aka rabu biyu. Sarkin noma ya ce a bar ramin yadda yake, domin in aka buɗe shi da rana tsaka kowa zai gani, kuma ba wanda ya san ko a cikin gari akwai mai kai magana daji. Littafi wataƙila an karanta, wataƙila ba a karanta ba, amma in aka kwashe to an tona asirin da hannu. Kawuna ya ce in suka zo suka tarar da shi cike, ba geron kaɗai za su ɗauka ba, za su ce shekara da shekaru ana yi musu ƙarya. Wani ya ce ai ko wofi suka tarar haka za su ce. Maƙerin ya juyo ya dube ni ya ce shi ya ba ni gobara mai kyau, da hayaƙinta da komai, me ya hana ni in karɓa in tafi? Wasu suka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Liman ya sa na maimaita abin da na zana, ɗaya bayan ɗaya. Da na kai wurin yawan taku sai na ji wani ya ja numfashi a bayana. Baba Tsoho ne ya yanke. Ya ce iri ake magana, ba asiri ba. Asirin don irin aka yi shi. In aka rasa asiri aka tsira da iri, za a yi shuka baɗi.

Kwana biyu aka yi ana kwasa, da rana, a gaban kowa. Aka fito da makara aka jingine ta a jikin bango, abin da ban taɓa gani ba sai in an yi mutuwa. Yara suka tsaya daga nesa suna kallon iyayensu na shiga ɗakin da aka hana su kallo. Ni aka sa in sauka ciki, tunda na riga na sani. Ramin ya fi tsayina sau biyu, bakinsa ƙarami, cikinsa faɗi kamar tulu, da sanyi da warin toka. Geron bana yana sama, fari tas. Ƙasa da shi na bara. Can gindi akwai wanda ya yi baƙi ya dunƙule, ba wanda ya san shekararsa.

Kawuna ya je yana yi wa mata bayani cikin rarrashi, don kada su ji an ɓoye musu. Kakata tana zaune tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Wa kuke tsammani yake yi maku sussukar? Mu auna tiya goma, mu ga takwas a rumbu. Mun bar ku ne da lakarku, tunda tana sa ku jin girma.”

Irin shuka aka zuba a tukwane, kowace mace ta binne tata inda ta ga dama, ba a tambaye ta ba. Sauran aka ɗura a buhuna aka riƙa fita da su kaɗan-kaɗan a kan babura da jakuna, zuwa wurin dangi a Daudawa da Ruwan Godiya. Aka mayar da murfin, aka mayar da makara.

Ban koma makaranta nan da nan ba. Sati biyu ba abin da ya faru, kuma wannan shirun ya fi komai nauyi. Mutane suka daina zama gindin tsamiya. In babur ya taso daga nesa sai mata su tsaya da daka, taɓarya a sama, har sai an gane na wane ne. Wasu suka fara cewa an yi wahalar banza, an tona abin kakanni saboda tsoron ɗan makaranta. In na wuce sai a amsa gaisuwata a taƙaice. Na fara fatan maganarsu ta zama gaskiya.

Mutanen daji sun zo wata Talata da hantsi. Ina bayan dangarmu ina leƙe ta tsakanin kara. Kullum in sun shigo filin masallaci suke tsayawa, su aika a kira dattawa. Ran nan ba su ko dubi rumbunan ba. Suka wuce ta gindin tsamiya, suka miƙe hanyar maƙabarta. Na ji ƙarar makara da aka wurgo waje.

Ba su daɗe ba suka dawo filin. Suka fasa rumbuna takwas ɗin suka kwashe, suka doki sarkin noma da gindin bindiga har ya faɗi. Babbansu ya gaya wa liman cewa abin da ke cikin na taran nasu ne, a nemo shi duk inda aka kai shi, za su dawo kafin ruwan farko.

Da ƙarar baburan ta ɓace, mutane suka nufi maƙabarta. Baba Tsoho ya tare ƙofar ɗakin da sandarsa ya ce a dakata, shi zai fara shiga. Ya ɗan jima a ciki. Da ya fito hannunsa na dama yana cikin aljihun rigarsa. Kawuna ya tambaye shi ko sun bar wani abu, ko akwai alamar yadda suka sani. Ya ce babu komai, sai sawun takalma. Wataƙila, in ji shi, wani ne ya ga ana kwasa ya kai musu. Ina tsaye dab da shi. Na ga gefen takarda mai layi-layi ya leƙo daga bakin aljihun, da ɗan layin jan biron da na yi amfani da shi wajen zana hanyar maƙabarta. Ya tura ta ciki da yatsa, bai dube ni ba. Har yau bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba mu jira ruwan farko ba. Mata suka tono tukwanensu, aka ɗora a ka, gari ya watse cikin kwana uku. Mu muka sauka wurin dangin kakata, aka ara mana gona. Da ruwa ya sauka muka shuka geron Rumbu Tara a ƙasar da ba tamu ba, ya kuma fito. Duk gidan da ya bar ƙauyen ya yi shuka a wannan shekarar. Ƙauyen kuwa, waɗanda suka leƙa sun ce ciyawa ta rufe filin masallaci, ɗakin makara ya rufta cikin ramin. Shi ya sa yanzu nake iya rubuta wannan.

Aikin makarantar na miƙa shi a makare. Na rubuta cewa tsawa ce ta faɗa wa rumbu na tara, kamar yadda liman ya faɗa. Malamin ya ba ni maki kaɗan, ya rubuta da jan biro a ƙasa cewa ban zurfafa bincike ba.

Bayan girbin bara na je hutu can inda muka sauka. Wata safiya Baba Tsoho ya kira ni, na tarar ya kwaɓa 'yar laka, ga kwando biyu a gabansa. Ya ce in ɗauki ɗaya. Na ce ai ban yi aure ba. Ya ce wa zai ba ni mata da wannan shirun nawa, in ɗauka kawai, ƙarfinsa ya ƙare. Na ɗora a ka, na ji nauyin ba na laka ba ne. Ya wuce gaba da sandarsa, yana tsayawa lokaci-lokaci yana sauraron hanya ko akwai ƙarar babur. Ni ina biye, ina korar kaji da ƙafa. Bakina ya fara ƙirga taku da kansa, na kai goma sha ɗaya, sai na kama wata addu'a ina maimaitawa da ƙarfi har lissafin ya ɓace mini.